Me Ke Makantar da Kyanwa? Tambayoyi da Amsoshi

Kyanwa ba ta kai ƙara. Ko ganinta ya fara dusashewa, za ta ci gaba da bin hanyoyin da ta haddace, daga gindin randa zuwa bakin murhu, daga can zuwa bayan buhun masara, a yi wata da watanni masu gida ba su san halin da ake ciki ba. Kuma sau da yawa ba daga idon cutar ta taso ba. Wani lokaci daga ƙoda ne, wani lokaci daga kwanon abincinta, wani lokaci kuma daga kwalbar maganin da mai ita ya ɗauko da hannunsa don ya taimaka mata. Ga amsoshin tambayoyin da masu kiwon mage suka fi yi.

Ta yaya zan gane kyanwata ta daina gani?

Fara da duban idon da rana. Baƙin tsakiyar idon kyanwa mai lafiya yakan tsuke a cikin haske, ya koma siririn tsaga kamar ƙwayar shinkafa a tsaye. In ka fito da ita tsakar gida da hantsi ka ga baƙin ya buɗe ya cika idon kamar tsakar dare, to akwai magana. Haka in ido ɗaya ya tsuke ɗayan ya ƙi.

Sai tafiyarta. Makauniyar kyanwa takan yi ƙasa-ƙasa da jiki, ta miƙa wuya, gashin bakinta ya karkato gaba, tana bin gefen bango. Katangar da ta saba hayewa da tsalle ɗaya sai ka ga ta tsaya a gindinta tana shawara. In za ta sauko daga gado sai ta fara miƙa ƙafa tana lalube. Wata kuma hali ne ke canza mata: da can kyanwar Lami ce, ba cizo ba yaƙushi, yanzu da ka taɓa ta sai ta zabura ta kai maka farce, don ba ta ga tahowarka ba.

Gwajin da ya fi sauƙi shi ne na auduga. Ciri 'yar kaɗan ka sake ta daga sama ta gefen fuskarta. Auduga ba ta ƙara, ba ta wari, ba ta kaɗa iska, don haka mai gani ce kawai za ta bi ta da ido har ƙasa. Kaɗa mata hannu a fuska ba gwaji ba ne, gashin bakinta zai ji iskar hannun ta ƙifta, kai kuma ka ce ai tana gani. Mu dai bokiti ne ya tona mana asirin tsohuwar kyanwar gidanmu. Ranar wanki aka bar shi a kan hanyar da take bi zuwa kicin, ta taho gaba-gaɗi ta buga goshi da shi, sannan ta ja da baya tana sunsunarsa. Sai a lokacin kowa ya tuna cewa ta daɗe ba ta hau kan randa ba.

Tsohuwar kyanwata ta kwana lafiya, ta wayi gari tana karo da bango. Me ya same ta?

Abu na farko da likitan dabbobi zai zarga shi ne hawan jini. Mutane na mamaki in an ce mage ma tana hawan jini, amma shi ne kan gaba wajen makantar da tsofaffin kyanwoyi farat ɗaya, musamman waɗanda suka haura shekara 10.

A can bayan ƙwayar ido akwai wani siririn tantani da ke manne da bangon idon, shi ne ke karɓar haske ya aika wa ƙwaƙwalwa hoto. Mu kira shi tantanin gani. Hanyoyin jinin da ke ciyar da shi ƙanana ne ƙwarai. In jini ya hau sai su fara yoyo, ruwa da jini su taru a bayan tantanin, su ɓamɓaro shi kamar yadda yaɓe ke rabuwa da bango in damina ta shiga bayansa. Wani lokaci har za ka hango jan jini ya kwanta a gaban idon. A wurinka dare ɗaya ne abin ya faru, amma jinin ya daɗe yana ɓarna a ɓoye.

Shi kansa hawan jinin galibi ɗan aike ne. Wanda ya fi aiko shi shi ne ciwon ƙoda na tsufa: kyanwa ta yi ta shan ruwa, ta yi ta fitsari, tana ramewa, jefi-jefi tana amai. Na biyu shi ne halittar nan ta maƙogwaro da ake kira tayirod, in aikinta ya wuce kima: kyanwar na ci kamar gara amma kullum ƙashin bayanta ƙara fitowa yake yi. Ana auna jinin ne da ɗan ƙaramin maɗauri a ƙafar gaba ko a gindin wutsiya. In lambar sama ta tsaya a 160 ko fiye an shiga hawan jini, daga 180 kuwa idon na cikin babban haɗari.

To, ganin zai dawo?

Ya danganta da saurin da aka yi. In an sauko da jinin cikin kwana ɗaya ko biyu, tantanin kan koma mazauninsa, wasu kyanwoyin su samu wani abu na ganinsu. In aka tsaya "bari mu gani zuwa mako mai zuwa", tantanin da ya rabu da abincinsa mutuwa yake yi, kuma ba ya tohowa.

Maganin da aka fi amfani da shi amlodifin ne, wanda masu hawan jini a cikinmu suka sani. Amma kada wannan ya sa ka buɗe jakar maganin Baba. Abin da ake fara ba kyanwa da shi a rana miligiram 0.625 ne, wato kashi ɗaya cikin takwas na ƙwayar miligiram 5 ta mutane, kuma sai an auna jinin an tabbatar, sannan a riƙa sake aunawa. Shan sa kuma na har abada ne. Ko ganin bai dawo ba ana ci gaba, domin jinin da ya lalata ido yana nan yana dukan ƙoda da zuciya da ƙwaƙwalwa. Duk kyanwar da ta kai shekara 7 ya kamata a riƙa auna mata jini sau ɗaya a shekara.

Tuwo da shinkafa muke ba ta, kamar yadda muka taso muka ga ana yi. Akwai laifi?

Akwai, amma bari a yi wa iyayenmu adalci. Kyanwar da suke jefa wa lomar tuwo ba da tuwon take rayuwa ba. Da dare tana rumbu tana kama ɓera, da rana tana bin ƙadangare da tsuntsu. Tuwon ɗan taɓa-ka-lashe ne, ainihin abincin tana samo shi da farcenta. Matsalar ta taso ne da aka fara kulle kyanwa a gidan bene ko a ɗaki mai raga, ba ɓera ba ƙadangare, aka kuma ci gaba da ba ta shinkafa da mai da ragowar taliya.

Akwai wani sinadari da ake kira taurin. Jikin mutum da na kare suna iya haɗa abinsu, jikin kyanwa kuwa abin da yake haɗawa bai taka kara ya karya ba, dole sai ta ci shi a nama. Hatsi da ganye kusan babu shi a cikinsu, madarar shanu ma ba ta da na kirki. In ta yi watanni ba ta samu ba, tantanin gani sai ya fara lalacewa daga tsakiya, a hankali, ba zafi ba kwantsa, har ya ƙare. A 1975 ne masu bincike a Amurka suka tabbatar da wannan, a 1987 kuma wasu a Kalifoniya suka gano cewa rashin taurin ɗin ne ke sa zuciyar kyanwa ta saki ta kasa harba jini. Tun daga nan kamfanonin abincin mage suke ƙara shi a abin da suke sayarwa. Abincin kare ba a yi shi da wannan lissafin ba, don haka mai ba kyanwa abincin kare don ya fi araha yana kan hanya ɗaya da mai ba ta tuwo.

Zuciyar takan farfaɗo in an gyara abinci. Idon kuwa abin da ya tafi ya tafi, sai dai a tsayar da ɓarnar a inda ta kai.

Ba sai ka sayi abincin gwangwani ba in aljihu bai kai ba. Zuciyar kaza ko ta rago, naman cinyar kaza, kifi, duk suna da taurin. Sai dai yana narkewa a ruwa, saboda haka in ka dafa, ka haɗa mata da romon. Romon kuma ya zama ba albasa ba tafarnuwa, domin su biyun suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa. Hanta kaɗan-kaɗan, yawanta na jawo ciwon ƙashi. Duk wanda ya san hadisin matar da ta kulle kyanwa, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abincinta a ƙasa ba, ya san cewa wanda ya hana ta farauta shi ya ɗauki nauyin naman.

Ɗanyen kifi fa?

Jefi-jefi ba komai. Amma wasu kifayen suna ɗauke da abin da ke rusa bitamin B1 matuƙar ba a dafa su ba. Kyanwar da ɗanyen kifi ne abincinta safe da yamma kan fara tangaɗi, wuyanta ya lanƙwashe haɓa ta taɓa ƙirji, baƙin idon ya buɗe, gani ya ɗauke. Wannan kam in an yi mata allurar bitamin ɗin da wuri takan warware. Dafa kifin ya kashe maganar.

An ce maganin kaji na makantar da mage. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma wannan ce makantar da ta fi ba ni takaici, domin da kyakkyawar niyya ake jawo ta. Kyanwa ta kama mura ko gudawa, mai gida yana da kaji, ga kwalbar magani a kan taga, sai ya ce bari a ɗiga mata kaɗan. In ka duba jikin kwalbar ka ga an rubuta Enrofloxacin, ko sunan kasuwa irin su Baytril, ajiye ta. Jikin kyanwa ba ya iya tare wannan magani daga shiga tantanin gani yadda na sauran dabbobi ke yi. Sai ya taru a can, haske ya faɗa masa, ya ƙone wurin. Cikin 'yan kwanaki baƙin ido ya buɗe, kuma galibi ganin ya tafi ke nan.

Likitoci na amfani da shi ga kyanwa, amma ba sa wuce miligiram 5 ga kowane kilo ɗaya na nauyinta a rana. Yi lissafin da kanka. Kyanwa mai kilo 3 iyakarta miligiram 15 ke nan. Ruwan maganin kaji mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 yana da miligiram 100 a kowane mililita ɗaya, ƙaramin cokalin shayi kuwa mililita 5 ne, wato miligiram 500. "Ɗan kaɗan" ɗin da aka ɗiga, in ya cika wannan cokali, ya ninka ƙa'ida sau talatin da wani abu. Tsohuwar kyanwa mai raunin ƙoda ta fi kowa shiga haɗari, don maganin na daɗewa a jininta.

Ɗan'uwansa a ɓarna shi ne Ivomec, allurar tsutsa da ƙazuwa ta shanu da tumaki. Mililita ɗaya na dabba mai kilo 50 ne. Wanda ya zuƙo rabin sirinji ya tsira wa kyanwa don kunnenta na ƙaiƙayi zai gan ta tana tangaɗi, tana dalalar da miyau, ba ta gani, wata har ta suma. Sauƙin wannan shi ne in ta rayu da taimakon likita, ganin kan dawo bayan kwanaki. Tunda ana maganar kwalabe: farasitamol ba ya makantar da kyanwa, kashe ta yake yi, ƙwaya ɗaya ta isa.

Kyanwata ta haihu, idanun 'ya'yan sun manne da kwantsa. In bar su su buɗe da kansu?

A'a. Jariran kyanwa kan buɗe ido tsakanin kwana 7 da 14. In ka ga fatar idon ta kumbura kamar an cusa wake a ƙarƙashinta, ko ruwan ɗorawa na tsattsafowa ta gefe, mugunya ce ta taru a ciki, kuma tana cin gilashin gaban idon. Jiƙa auduga da ruwan da aka tafasa ya huce zuwa ɗumi, ka ɗora a kan idon na ɗan lokaci har kwantsar ta yi laushi, ka share daga wajen hanci zuwa waje, kowane ido da audugarsa. Kada ka ɓanɓare da farce. In bai buɗe ba likita zai buɗe shi a hankali, ya wanke, ya ba da man shafawa na ido.

Tushen abin galibi murar kyanwa ce: atishawa, majina, jan ido, kwantsa. Babbar mai haddasa ta wata ƙwayar bairos ce ta dangin hapis, sai wata bakteriya mai suna kilamidiya. Bairos ɗin kan yi gyambo a kan gilashin ido, a jarirai kuma yakan sa fatar ido ta manne da ƙwayar idon ta warke a haka. Yawancin 'yan kyanwar titi da kake gani da ido ɗaya fari fat, ko ido ya shanye ya koma rami, daga nan suka samo shi. Wadda ta taɓa kamuwa kuma yawanci bairos ɗin na kwance a jikinta har ta mutu, yana tashi in ta shiga damuwa, kamar sauya gida, haihuwa, ko zuwan sabuwar kyanwa.

Akwai allurar rigakafi. Ana farawa daga wajen mako 8, a maimaita bayan mako 3 zuwa 4, har zuwa mako 16. Ba ta hana kamuwa ɗungurungum, amma tana karya lagon cutar.

Zan iya ɗiga mata maganin ciwon ido na mutane?

Nan ne ake rasa ido garin neman gira. Yawancin magungunan ɗigawa da ake saya a kemis don jan ido suna haɗe da sitiroyid, za ka ga an rubuta Dexamethasone ko Betamethasone. Suna kwantar da ja nan take, shi ya sa ake son su. Amma in akwai gyambo a kan gilashin idon, sitiroyid na hana shi warkewa, ya ba ƙwayoyin cuta dama, gyambon ya yi zurfi har idon ya fashe. Gyambon kuma ba a ganinsa da ido haka kawai. Likita na ɗiga wani rini mai ruwan lemo, inda duk fatar ta saluɓe sai wurin ya kama launin kore. Gwajin minti ɗaya ne, shi ne kuma ke raba maganin da zai warkar da wanda zai tsiyayar da ido.

Kwalli, ruwan sukari, ruwan albasa, duk a bar su. Ruwa mai tsabta da auduga sun isa kafin a kai ga likita.

Idon ya yi hazo, launinsa ya canza, tana runtse shi. Mene ne wannan?

Mai yiwuwa kumburin cikin ido ne. Launin idon ya dushe ko ya yi duhu, gabansa ya yi kamar an zuba ruwan kanwa, baƙin tsakiya ya tsuke, tana gudun haske. A kyanwa wannan kumburi sau da yawa saƙo ne daga wata cuta da ke cikin jiki. Akwai FIV, mai karya garkuwar jikin kyanwa, wadda cizo ke yaɗawa, shi ya sa ta fi kama muzurun da ke kwana faɗa a kan katanga. Akwai FeLV, mai jawo sankarar jini, da ke bin miyau da kwanon ci ɗaya. Akwai FIP, ita ma cutar bairos ce, da ta fi kama ƙanana. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna toksofilasma da ake samu daga ɗanyen nama da ɓeraye. A wasu kuma a bincika duka a rasa dalili.

Haɗarin barinsa shi ne yana toshe magudanar ruwan cikin ido. Ruwan na ta samuwa, ba mafita, sai matsi ya hau ya danne jijiyar gani. Wannan shi ne hawan jinin ido, ko da yake ba ruwansa da hawan jinin da aka ambata a sama. Matsin idon kyanwa mai lafiya ba ya wuce 25 a ma'aunin likita. A mutane da karnuka cutar kan zo da kanta, a kyanwa kuwa yawanci kumburi ne ko ƙari ke jawo ta. In ta yi nisa sai ka ga ido ɗaya ya fi ɗaya girma. Yana da zafi ƙwarai, sai dai kyanwa ba ta nuna zafi da kuka, sai da ɓuya da yawan barci da ƙin abinci. Idon da ya riga ya mutu kuma yana ciwo, cire shi ake yi a ɗinke fatar. Masu kyanwa kan razana da jin haka, amma bayan mako biyu su ne ke cewa ta koma wasa kamar yarinya.

Kyanwa na yin yanar ido kamar tsofaffi?

Tana yi, amma ba kamar kare ko mutum ba, kuma galibi bayan kumburi ko rauni ne. Ciwon sukari da ke saurin sa wa kare yana, da wuya ya yi wa kyanwa haka. Shuɗi-shuɗin hazon da ake hangowa a can cikin idon tsohuwar kyanwa kuma yawanci ba yana ba ce, tsufan madubin da ke cikin ƙwayar ido ne, tana gani ta cikinsa.

Rauni fa? Tawa ta dawo da ido a kumbure.

Farcen 'yar'uwarta, dutse ko danƙon yara, mota, faɗowa daga bene. Yaƙushi a ido ya fi yadda ake ganinsa muni, domin farcen kan huda har madubin ciki ya bar ƙwayoyin cuta a can. In ƙwayar idon ta fito waje, kada ka tura ta ciki. Rufe ta da tsumma mai tsabta da aka jiƙa, ka kama hanya.

Mazauna karkara da bakin gari su ƙara da gamsheƙa. Kyanwa ba ta ganin maciji ta wuce, ita kuma gamsheƙa ido take nema in za ta tsarto dafi, daga nisan da ya kai mita 2. Kyanwar za ta shigo a guje, idanu a runtse, hawaye na zuba, tana dirzar fuska da ƙafa. Naɗe ta a zane har wuya don kada ta yayyaga ka, wani ya riƙe, ka yi ta kwarara ruwa mai tsabta a cikin idon, minti 15 zuwa 20, ba tsayawa. Wankin nan shi ne rabin maganin. Sauran rabin na likita ne, don dafin na saluɓe gilashin ido.

Wani abu da ya keɓanta da kyanwa: idon da ya taɓa fashewa ya mutu yana iya haifar da muguwar sankara bayan shekaru. Shi ya sa likita kan ba da shawarar a cire shi ko da ya daina ciwo.

Wani ɗigo mai duhu ya fito a launin idonta, yana faɗaɗa. In damu?

Ɗauki hotonsa da waya yau, ka sake ɗauka duk wata a wuri ɗaya da haske ɗaya. Wasu ɗigon tabo ne kawai. Amma wanda ke yaɗuwa, yana tudu, yana karkatar da baƙin tsakiya, yana iya zama sankarar da ta fi kowace yawa cikin waɗanda ke tasowa daga idon kyanwa, kuma tana iya bazuwa zuwa hanta da huhu. Farar kyanwa kuma rana ce abokiyar gabarta: gyambon da ya ƙi warkewa a gefen fatar ido, a kan hanci ko a bakin kunne, a kai a duba.

Ana gadon makanta? An ce farar kyanwa mai shuɗin ido ba ta gani sosai.

An haɗa zance biyu. Farar kyanwa mai shuɗin ido kurumta ce ke yawan samunta, ganinta lafiya lau. Jarirai kuwa duk da shuɗin ido ake haifarsu, daga baya ya rikiɗe.

Makantar gado tana nan, amma a kyanwoyin ƙasashen waje masu tsada ta fi yawa: 'yan Abisiniya, Somali, Bengal, Siyam da Farisa. Tantanin gani ne ke shanyewa a hankali, yana farawa da dundumi, wato ta kasa gani da dare, sannan na rana ya bi. A 'yan Farisa abin kan fara tun suna 'yan makonni. Ba magani. Kyanwar Farisa mai shafaffiyar fuska tana da ƙarin matsala: idanunta sun fito waje, suna saurin bushewa da gogewa, har wani baƙin tabo kan fito a kan gilashin idon wanda sau da yawa sai an yi aiki. Mai niyyar saye ya nemi ganin iyayen, ba hoton ɗan kawai ba.

Idon garau yake, amma ba ta gani. Ta yaya?

Ido na ɗaukar hoto ne, ƙwaƙwalwa ke gani. Ƙari a ƙwaƙwalwa, shanyewar wani sashe saboda jini, bugu a kai, farfaɗiya, ko ƙarancin iska lokacin da aka sa ta barci don aiki, duk suna iya ɗauke gani idon na nan lafiya. Alamar ita ce abin ba ya zuwa shi kaɗai: tana zagaye wuri ɗaya, tana dafa kai a bango, ko ta rikice ta manta inda take kashi.

Ciwon idonta zai iya kama yarana?

Bairos ɗin murar kyanwa ba ya kama mutum, haka FIV da FeLV da FIP. Kilamidiyar kyanwa da ƙyar take tsallakowa, wanke hannu bayan share mata ido ya wadatar. Wadda ake kiyayewa ita ce toksofilasma, kuma ta kashi take fitowa, ba ta ido ba. Mai juna biyu ta bar wa wani kwashe kashin mage.

Ina zan kai ta, kuma yaushe abin ya zama na gaggawa?

Makantar farat ɗaya, jini a cikin ido, ido a runtse ya ƙi buɗuwa, ido ya fito ko ya ƙara girma: yau, ba gobe ba. Asibitin dabbobi na gwamnati ko na kuɗi duk za su iya gwajin rini da duban farko. Na'urar auna jinin kyanwa da ta matsin ido ba ko'ina ake da su ba, don haka ka tambaya tun kafin ka fita. A arewacin Najeriya akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri. Tafi da duk kwalbar da aka taɓa ba ta wani abu daga ciki, ka kuma faɗi gaskiyar abin da take ci. Likita ba alƙali ba ne, ɓoye masa cewa an ɗiga maganin kaji ɓata lokacin kyanwar ne kawai.

In ta makance gaba ɗaya, za ta iya rayuwa?

Sarai kuwa. Dama can kyanwa da kunne da hanci da gashin baki take rabin harkarta. Wadda ganinta ya tafi a hankali ba ta ma cika nuna damuwa ba. Wadda ya ɗauke mata farat ɗaya takan yi 'yan makonni a ruɗe, tana kuka da dare, sannan ta zana taswirar gidan a kanta.

Abin da take buƙata daga gare ka kaɗan ne. Kwanon ci, na ruwa da wurin kashi su zauna inda suke. A rufe rijiya da bakin kwata da duron ruwa, a yi hattara da murhu in an sauke tukunya. Titi ya haramta gare ta. A hana yara aske mata gashin baki, shi ne sandarta. Yi mata magana kafin ka taɓa ta. In ka ɗauke ta, kada ka dire ta a tsakiyar fili ko a kan wani abu mai tudu, sauke ta kusa da kwanonta, daga nan za ta gane inda take. Abin wasa kuma ya zama mai ƙara: takarda da aka dunƙule, ko 'yar gwangwani da tsakuwa biyu a ciki.

Tamu ta yi shekara uku bayan karon da ta yi da bokiti. Kwanan ƙofar kicin ne kawai ya riƙa ba ta wahala, har sai da aka shimfiɗa tsohon buhu a wurin. Da ƙafarta ta taka buhun sai ta karya dama ta shige.